Saura Kati Ɗaya

 Shugabanninku sun roƙe mu mu rubuta muku wani abu na wannan mako, sai muka ga ya kamata mu ba ku labarin wani laifi da muka yi a ƙasar Amurka, mu da uwargida. Laifin ya taso ne daga ƙidayar katunan 'yan wasa. Mun sha ba da labarin zamanmu a can, a aji da kuma a kan bagadi, amma wannan ɓangaren mukan tsallake shi, domin ba mu fito da kyau a cikinsa ba.

A watan Agustan 2015 muka sauka a Shikago, a jihar Illinois, domin ƙarin karatun tauhidi na shekara biyu. Mu uku ne: mu da uwargida da ɗanmu na fari, wanda a lokacin yake da shekara 9. Tallafin da aka ba mu ya isa kuɗin makaranta da abinci, amma da muka ji kuɗin haya sai jikinmu ya yi sanyi. Ana cikin haka wani dattijo a ikkilisiyar da muke zuwa sujada ya ce mu zo mu zauna a ɗakunan da ke ƙasan gidansa, mu riƙa biyan rabin abin da ake biya a unguwar. Bature ne mai shekara 71, tsohon ma'aikacin gidan waya. Matarsa ta rasu, 'yarsa ɗaya tilo tana aure a wani gari. In muna magana da shi Baba muke ce masa, yaronmu kuma Kaka. Shi kuwa Fasto yake kiranmu, ko da ya tarar da mu muna fitar da shara. A nan za mu kira shi Dattijo.

Abu biyu ne Dattijo ba ya wasa da su: sujadar Lahadi da wasan ƙungiyar Cubs. Ba a san besbol sosai a wurinmu ba, don haka bari mu ɗan yi bayani. Kowane ɓangare yana da mutum tara. Mai jifa yana wurga ƙaramar ƙwallo mai tauri, abokin hamayya yana ƙoƙarin make ta da sanda. In ya same ta sai ya ruga a guje, kuma duk wanda ya zagaya tashoshin fili ya dawo inda ya tashi, an ci wa ƙungiyarsa maki ɗaya. Babbar gasar tana da ƙungiyoyi 30, kowacce tana buga wasa 162 a shekara, kusan kullum daga Afrilu zuwa Satumba. Daga ƙarshe biyu ke haɗuwa a wasannin ɗaukar kofi da ake kira World Series. Cubs ƙungiyar arewacin Shikago ce, tana wasa a filin Wrigley tun 1916. Lokacin da muka isa, rabonta da kofi tun 1908. Wato Dattijo ya shafe sama da shekara 60 yana bin ƙungiyar da ko mahaifinsa bai taɓa ganin ta ɗauki kofi ba. Wanda ƙungiyarsa ta yi shekara biyar babu kofi har yana fushi da kowa a gida, sai ya tuna da wannan bawan Allah.

Katin ɗan wasa ɗan ƙaramin kwali ne da bai cika tafin hannu ba, inci biyu da rabi a faɗi, uku da rabi a tsawo. A gaba hoton ɗan wasa ne da sunansa da na ƙungiyarsa, a baya kuma lambar katin da lissafin abin da ya yi a fili. Tun a shekarun 1880 kamfanonin taba suka fara saka irin waɗannan hotuna a cikin kwalin sigari. Daga baya masu sayar da cingam suka karɓi sana'ar. A 1952 kamfanin Topps ya fitar da jerin kati 407, kuma tun daga nan kowace shekara da nata jerin. A zamanin ƙuruciyar Dattijo, yaro ya ba da santi 5 a kanti, a ba shi ƙunshi da 'yan katuna da cingam a ciki, bai san fuskar wa zai gani ba sai ya buɗe. Yara suna musaya, suna caca da su a bakin hanya, wasu har suna maƙala su a jikin wayar keke don su ji ƙara kamar babur. Yaro ya girma ya bar gida, uwa ta tattara kwalin ta zubar. Shi ya sa tsofaffin katuna masu kyan jiki suka yi wuya, kuɗinsu ya yi sama. A watan Agustan 2022 an yi gwanjon katin Mickey Mantle na 1952 a kan dala miliyan 12.6. Akwai kamfanonin da aikinsu ke nan, su duba kati su ba shi maki daga 1 zuwa 10, su rufe shi a cikin roba.

Dattijo bai taɓa kai katinsa a ba shi maki ba. Kuma bai tara na kowa da kowa ba. Na Cubs kaɗai yake tarawa, na kamfanin Topps kaɗai, shekara bi shekara tun daga 1954, lokacin da yake da shekara 10. Katinsa na farko na Ernie Banks ne, mai lamba 94. Banks shi ne baƙar fata na farko da ya buga wa Cubs wasa, ya fara a 1953, ya ajiye sanda a 1971, bai taɓa sauya ƙungiya ba, bai kuma taɓa buga wasan kofi ba. Ya rasu a Janairun 2015. Katunan suna jere a cikin manyan kundaye a kan kanta, kowane shafi leda ce mai aljihu tara.

Kusa da kundayen akwai littafin lissafi mai baƙin bango, wanda ya rubuta da fensir. Ya raba kowane shafi gida biyar: shekara, lambar kati, sunan ɗan wasa, inda ya samo katin, sai gida na ƙarshe, siriri, inda yake rubuta duk abin da ya ga dama da ƙananan haruffa. Za ku ce me ke da wuya a ƙirga kati? Akwai wuya. Wani katin yana ɗauke da fuskoki uku na ƙungiyoyi daban-daban. Wani ɗan wasan an sayar da shi kafin a buga katin, sai kamfani ya shafe tambarin hularsa da fenti. Wani katin babu fuskar kowa, jerin sunaye ne kawai. Dole mai tarawa ya kafa wa kansa doka ya tsaya a kanta. Dokar Dattijo ita ce, in dai akwai ɗan Cubs a jiki, ko a lungu ne, ya shiga lissafi. Zuwa ƙarshen 2015 littafin ya nuna kati 1,683. Kowace shekara, a tsakiyar sanyi, lokacin da babu wasa, yakan zauna ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya ga ko littafi da kundi sun yi daidai.

A wannan shekarar idanunsa sun yi rauni, ba ya iya karanta ƙananan lambobin bayan kati. Ya roƙe mu mu yi masa ƙidayar. Muka amsa da murna, domin mun daɗe muna neman hanyar rama alheri.

Asabar ta farko a watan Fabrairun 2016 ya kira mu sama ya nuna mana yadda abin yake. Ya zaunar da yaronmu kusa da shi, ya buɗe shafin 1964, ya zaro kati mai lamba 550. Na wani saurayi ne, Ken Hubbs. A 1962 shi aka zaɓa gwarzon sababbin 'yan wasa a rukunin gasarsu, bayan ya buga wasa 78 a jere ba tare da kuskure ko ɗaya ba. Yana tsoron shiga jirgin sama, sai ya yanke shawarar koyon tuƙi don ya kashe tsoron. Ranar 13 ga Fabrairun 1964 ƙaramin jirgin da yake tuƙawa ya faɗa cikin wani tafki a jihar Yuta, ya mutu yana da shekara 22. Kamfanin ya buga wannan katin domin tunawa da shi. Dattijo ya ce a lokacin ana fitar da katunan shekara kashi-kashi, kashi na ƙarshe kuwa yana zuwa ne bayan yara sun koma makaranta hankalinsu ya tafi wani wasan, don haka masu kanti ba sa saro shi da yawa. Jerin 1964 kati 587 ne, lamba 550 tana cikin na ƙarshen.

Sai ya buɗe shafin 1966, ya nuna katin wani mai jifa, Dick Ellsworth, lamba 447. Ya ce wa yaron, "Jikana, duba fuskar nan da kyau." Yaron ya duba wannan, ya duba wancan, ya zaro ido ya ce, "Kaka, ai mutum ɗaya ne!" Haka ne kuwa. Kamfanin ya yi kuskure, ya ɗora hoton Hubbs a kan sunan Ellsworth, shekara biyu bayan an binne mai hoton. Dattijo ya ce a littafinsa sunaye biyu ya rubuta a gaban wannan lambar, domin ba zai iya barin ɗayansu a waje ba. Yaronmu ya daɗe yana riƙe da katin Hubbs yana tambayoyi, har sai da mahaifiyarsa ta ce ya mayar.

Cikin makon 'yar Dattijo ta zo ta ɗauke shi zuwa gidanta na 'yan kwanaki. Ya bar mana makulli da littafi. Mu kuwa, 'yan makaranta, muka ga littafin fensir zai ɓata mana lokaci. Muka kwana biyu muna kwafe gidaje uku na farko a kwamfuta, shekara da lamba da suna. Sauran gidaje biyun muka ce labarin tsoho ne, ba su shafi ƙidaya ba. Ranar Asabar 13 ga wata muka zauna tun da safe. Mu muna kiran lamba, yaro yana juya shafi yana nunawa, uwargida tana sa alama. Kafin azahar muka iso 1964. Aljihun lamba 550 babu komai a ciki.

Muka ce wataƙila ya shiga wani shafin. Muka ci gaba har 2015, muka gama da dare. Kati 1,682. Muka sake bin shekarun 1960 sau biyu, muka ɗaga kujeru, muka leƙa ƙarƙashin kanta. Saura kati ɗaya.

Ƙaunatattu, ga abin da ya shiga zuciyarmu a daren nan, kuma ba mu da abin fahariya a ciki. Ba mu tambayi kanmu ko me wannan katin yake nufi ga mai shi ba. Abu na farko da muka yi shi ne shiga intanet mu ga nawa ne kuɗinsa. Bai ma kai cefanen mako guda ba, amma hankalinmu bai kwanta ba, domin ba kuɗin ne ya tsorata mu ba. Mun tsorata da abin da za a ce. Mutum ya ba mu gida, ya ba mu makulli, ya juya baya, kaya ya ɓace. Mu baƙi ne, 'yan Najeriya, mun san irin kallon da wasu ke yi wa fasfo ɗinmu tun daga filin jirgi. Ga shi kuma fasto ne, ɗalibin tauhidi. Muka hango labarin yana yawo a ikkilisiya, muka hango kanmu muna neman ɗaki a cikin dusar ƙanƙara. Daga nan muka tuna wanda ya riƙe katin a ƙarshe.

Muka sauka ƙasa da yaron, muka rufe ƙofa. Muka tambaye shi da lallashi, ya ce bai ɗauka ba. Muka tambaye shi da tsawa, ya ce, "Baba, na mayar, Kaka ma ya gani." Muka zazzage jakarsa ta makaranta, muka ɗaga katifarsa, muka bi aljihun kowane wando. Har bel muka zare, sai da uwargida ta riƙe hannunmu. Ba a doke shi ba, amma abin da ya fito daga bakinmu ya fi duka ciwo. Muka ce masa ba mu haifi ɓarawo ba, kuma in bai fito da shi ba kada ya ƙara kiranmu Baba. Magana zarar bunu ce. Yaron ya daina kuka, ya yi shiru, ya kwanta ya juya fuskarsa bango. Washegari muka tafi sujada tare, mu ne ma muka yi addu'ar buɗewa.

Ranar Talata Dattijo ya dawo. Muka hau sama mu biyu, muka gaishe shi, muka ce, "Baba, mun zo da magana mai nauyi. Ƙidaya ba ta cika ba. Katin Hubbs ya ɓace a hannunmu. Muna zargin yaronmu, kuma za mu biya." Ya yi shiru yana kallonmu. Sai ya sa hannu a aljihun rigarsa na gaba, ya zaro katin a cikin 'yar leda, ya ajiye a kan tebur. Ya ce, "Fasto, ba ku karanta littafin ba?"

Muka ɗauko littafin, muka buɗe 1964, muka bi layin lamba 550 har ƙarshensa. A gida na huɗu ya rubuta cewa ƙanensa ne ya ba shi. A gida na biyar, da ƙananan haruffa, ya rubuta cewa katin yana fita kowace Fabrairu, yana komawa a Maris.

Ya ba mu labarin. Ƙanensa ba mai son besbol ba ne, amma ya ga wansa ya yi wata guda yana neman wannan katin bai samu ba. Sai ya riƙa sayen ƙunshi da kuɗin aikin da yake yi bayan makaranta, yana tauna cingam har muƙamuƙinsa na ciwo, sai da katin ya fito. Bayan 'yan shekaru aka ɗauke shi soja, aka tura shi yaƙin Biyetnam. An kashe shi a Fabrairun 1968, shi ma yana da shekara 22. Kabarinsa yana garin da 'yar Dattijo take aure. Kowace shekara yakan sa katin a aljihu ya je maƙabarta, ya tsaya na ɗan lokaci, ya dawo. Bai ga dalilin gaya mana ba, tunda a rubuce yake.

Da ya gama sai ya tambaye mu, "Me kuka ce wa yaron?" Muka faɗa masa duka. Bai yi mana faɗa ba. Ya ce, "Kati yana nan. Ku sauka ku nemo wanda ya ɓace muku."

A inda muka taso, uba ba ya ba ɗansa haƙuri. In ya gane ya yi kuskure, sai ya sayo masa tsire ko sabon takalmi, a bar maganar a nan. Mun so mu yi hakan. Amma mun sani yaron ba takalmi yake jira ba. Da ya dawo daga makaranta muka zaunar da shi a bakin gado, mu biyu muka durƙusa a gabansa, muka ce, "Ɗana, an ga katin, yana wurin Kaka. Gaskiya ka faɗa, mu ne ba mu yarda da kai ba. Mun kira ka da sunan da ba naka ba ne. Mun yi maka laifi, ka gafarta mana." Hausawa sun ce durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, amma mu dai ranar mun ji nauyin gwiwoyinmu. Yaron ya ce, "Na ji," bai ƙara komai ba. Ya yi kusan mako biyu yana amsa mana da "i" da "a'a" kawai, ya kuma daina hawa sama. Dattijo ne ya sauko da kansa, yana dafa bango, ya ce idanunsa ba sa gani, yana bukatar mai karanta masa gida na biyar daga 1954 har ƙarshe. Suka ɗauki sauran lokacin sanyin suna wannan karatu. A nan yaron ya ji wane katin ne matar Dattijo ta saya masa a shekarar aurensu, wanne ne ya samu a makon da aka haifi 'yarsa, wanne ne wani abokin aiki ya ba shi kafin ya rasu. A hankali dariyarsa ta dawo gidan.

A wannan shekarar ce Cubs ta kai World Series, ta haɗu da ƙungiyar birnin Cleveland. An ci ta wasa uku cikin huɗu na farko, sai ta farfaɗo ta ci uku a jere. Wasan ƙarshe, ranar 2 ga Nuwamba 2016, ya wuce zagaye tara da aka saba ya shiga na goma, ruwan sama ya tsayar da shi na minti 17, aka tashi 8 da 7. Bayan shekara 108 kofi ya dawo. Dattijo bai yi ihu ba, littafin ne a kan cinyarsa, hawaye na zuba. A waɗannan kwanaki mutane suka yi ta zuwa filin Wrigley da alli suna rubuta sunayen iyayensu da kakanninsu a jikin bangon bulo, waɗanda suka bi ƙungiyar har suka mutu ba su ga ranar ba. Muka kai Dattijo. Da ƙyar muka sami ɗan wuri a bangon. Ya miƙa wa yaronmu alli, ya faɗa masa sunan ƙanensa harafi bayan harafi, yaron ya rubuta.

Tun daga lokacin, sura ta 15 ta Bishara ta hannun Luka ta sake mana kama. Ubangiji ya ba da misalin makiyayi mai tumaki ɗari wanda ɗaya ta ɓace masa, da na mace mai tsabar azurfa goma wadda ɗaya ta salwanta. Mun yi wa'azi a kan wannan sura sau da yawa ba mu lura da wani abu ba: dukansu biyu masu ƙidaya ne. Garken tumaki 99 da na 100 kamarsu ɗaya a ido. Da makiyayin ba ya ƙirga su da yamma, da bai san akwai wadda ta kwana a jeji ba. Saboda haka ƙidaya aba ce mai kyau, aikin mai kula ne. Amma a 2 Sama'ila sura 24 sarki Dawuda ma ya sa an ƙirga mayaƙansa, Yowab ya yi ƙoƙarin hana shi bai ji ba, daga baya zuciyarsa ta kāshe shi, jama'a kuma suka sha wahalar abin. Makiyayi ya ƙirga ne domin tunkiyar, sarki kuma domin kansa. Mu a daren nan na Asabar, ƙidayar Dawuda muka yi. Sunanmu muke tsaro, shi ya sa da lissafi ya ƙi cika muka nemi wanda za mu ɗora wa laifi, muka kuwa ɗora wa wanda ya fi kowa rauni a gidan. Manzo Bulus ya gargaɗi ubanni a Afisawa sura 6 game da tsokanar 'ya'yansu har su yi fushi. Mun san ayar da ka, har jarrabawa mun rubuta a kanta.

Yanzu ga inda maganar ta shafe ku. Kowace Lahadi sakatare yana tashi ya karanta mana adadin maza da mata da yara da baiko. A zumuntarku ma akwai littafin halarta. In an ce wancan mako mutum 84, wannan mako 79, mukan girgiza kai mu ce matasa sun yi sanyi, a wuce zuwa sanarwa ta gaba. Waɗannan biyar ɗin suna da sunaye. Wata ba ta da kuɗin mota. Wani ya faɗi jarrabawa yana jin kunyar fuskokinku. Wata tana jinyar mahaifiyarta a asibiti. Wani kuma magana aka faɗa masa a taron da ya wuce, wataƙila ɗayanku ne ya faɗa. In ba mu tambaya ba, zato ne zai cika mana gurbin: ta bi duniya, ya shiga shaye-shaye. Zato kuwa zunubi ne, kuma mun ga abin da ya yi wa yaro ɗan shekara 9.

Muna roƙon sakatarenku ya ɗauki littafin halarta ya ja layi ɗaya a gefen dama, ya buɗe gida na biyar. Duk wanda aka yi mako biyu ba a gan shi ba, a rubuta sunan wanda zai je gidansa, in ya dawo a rubuta abin da ya tarar, gwargwadon abin da mai shi ya yarda a sani. Kada wanda aka aika ya tafi da tuhuma. Ya tafi da gaisuwa, ya zauna, ya saurara. In kuma a cikinku akwai wanda ya taɓa ɗora wa ƙanensa ko abokinsa laifin da bai yi ba, kada ya saya masa tsire ya ce magana ta wuce. Ya je ya faɗi laifin da sunansa, ya nemi gafara, ya kuma yi haƙuri in amsar ba ta zo da wuri ba.

Mun baro Amurka a 2017. A ranar tafiya Dattijo ya ba yaronmu katin Ellsworth mai fuskar Hubbs, ya sa shi ya rubuta da hannunsa a gida na biyar inda katin ya tafi. Yaron ya zama saurayi yanzu, yana tsakaninku. Mun nemi izininsa kafin mu rubuta wannan labari. Ya ce mu rubuta, amma kada mu cire wurin bel ɗin.

Mu yi addu'a. Ya Ubangiji, Makiyayi nagari, kai da ka san kowannenmu da sunansa, ka gafarta mana inda muka ƙirga mutane domin kanmu. Ka ba mu ido mu ga wanda babu shi a cikinmu, ka ba mu ƙafa mu je nemansa, ka kuma ba mu tawali'u mu roƙi gafarar waɗanda muka zarga a banza. Cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa. Amin.